Tabon Maka A Jikin Fata: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Da wuya a sami gida mai 'yan makaranta wanda ba a taɓa ganin yaro ya komo da zanen baƙar tawada a hannu ko a kumatu ba. Alƙalamin nan mai kaurin baki da ake kira maka ya shiga ko'ina. Malamai na rubutu da shi a kan kwali, 'yan kasuwar hatsi a Dawanau na sa wa buhuna alama da shi, haka ma 'yan kamasho a tashar mota idan za su rubuta sunan mai kaya. Duk inda ake aiki da shi kuwa, sai ya taɓa fatar wani. Abin da ke biyo baya sananne ne: a wanke da ruwa ya ƙi fita, a sa sabulu ya ƙi, daga nan sai wani ya ce a ɗauko kananzir, wani ya ce fetur ya fi sauri, wata kuma ta nufi inda take ajiye ruwan bilic na wanki. Wannan ɗabi'a ce da ya kamata a yi watsi da ita, domin illar da waɗannan abubuwa ke yi wa fata ta fi ta tawadar nesa ba kusa ba.

Kafin a yi maganar fitar da tabo, yana da kyau a san dalilin da ya sa yake kamawa. Duk wanda ya yi karatun allo ya san tawadar gargajiya, wadda ake haɗawa da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro. Gawayin shi ne launi, ƙaron shi ke liƙa shi a jikin allo, ruwa kuma shi ke ɗauke da su biyun. Da yake ƙaro na narkewa cikin ruwa, da an zuba wa allon ruwa sai rubutun ya tafi. Tawadar maka ma abu uku ce: launi, da wani ɗanko mai liƙewa, da sinadarin da ke narkar da su, wanda a yawancin alƙaluman yanzu dangin alkohol ne. Da an yi zane, alkohol ɗin sai ya bi iska cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya bar launi da ɗanko a manne. Bambancin shi ne wannan ɗanko ba ya narkewa a ruwa. Shi ya sa yawan wanki da ruwa zalla ba ya haifar da komai sai gajiya.

Masu ƙera irin wannan alƙalami, kamar Sharpie da ya fito a Amurka a shekarar 1964, sukan ce tawadarsa ba ta goguwa. Maganar tasu gaskiya ce a kan takarda da itace da buhu. A kan fatar ɗan Adam kuwa labarin daban ne, domin fata kullum cikin sabunta kanta take. Saman fata wani siririn mayafi ne na matattun ƙwayoyin halitta, jere 15 zuwa 20 a kan juna, kaurinsa a yawancin sassan jiki bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na milimita ba. Masana kan kwatanta shi da katanga: matattun ƙwayoyin su ne tubali, wani maiƙo da jiki ke samarwa kuma shi ne kwaɓin da ke riƙe su. Wannan katanga ce ke hana ruwan jiki tsiyayewa, take kuma tare ƙwayoyin cuta. Tawadar maka a kanta take tsayawa. Kullum tubalin sama na kakkaɓewa, sababbi na tasowa daga ƙasa, har fatar waje ta sauya gaba ɗaya cikin kimanin mako 4 zuwa 6. Saboda haka ko ba a yi komai ba ban da wanka na yau da kullum, tabon kan dushe cikin 'yan kwanaki.

To amma akwai lokacin da jira ba zai yiwu ba, kamar yaron da zai tafi makaranta da safe ko ma'aikacin da zai shiga taro. A nan ma ba sai an fita daga ɗakin girki ba. Ƙa'idar da ɗaliban kimiyyar sinadarai ke koya ita ce, abu yakan narke ne cikin danginsa: gishiri a ruwa, maiƙo a maiƙo. Man gyaɗa, ko man zaitun, ko man kaɗanya, ko basilin, duk suna iya sassauta launin da ɗankon, su kuma tausasa matattun ƙwayoyin da tawadar ke kansu. Sai a shafa man a wurin, a bar shi minti biyu ko uku, a goga a hankali da auduga ko tsumma mai laushi, sannan a wanke da sabulu da ruwan ɗumi. Aikin sabulu a nan shi ne kwashe man tare da tawadar da ya ɗauko, domin kowace ƙwayar sabulu gefenta ɗaya na kama mai, ɗayan na kama ruwa. Idan saura ya rage, sai a maimaita bayan 'yan sa'o'i.

Ga manya akwai hanya mafi sauri. Ruwan tsabtace hannu da ya yaɗu a ƙasar nan tun annobar Ebola ta 2014, ya kuma shiga kusan kowane gida a lokacin korona a 2020, yana ɗauke da alkohol kashi 60 cikin 100 ko fiye, wato dangin sinadarin da tawadar ta zo a cikinsa tun farko. Ɗigo kaɗan a auduga ya isa ya sake narkar da ita. Sipirit da ake sayarwa a kantin magani ma haka yake aiki. Ruwan goge janfarce yana fitar da tabo, sai dai yana busar da fata ƙwarai, don haka a bar shi ya zama na ƙarshe. Duk waɗannan ba a kai su kusa da ido ko baki ko wurin da ke da rauni, ba a kuma sa wa jarirai, waɗanda fatarsu ta fi ta manya siranta. Ga jariri, mai da haƙuri sun wadatar.

Masu amfani da kananzir da fetur suna da hujjarsu. Sukan ce suna fitar da tabo nan take, kuma ga makanikai nan kullum suna wanke hannu da fetur ba abin da ya same su. Kashin farko na maganar gaskiya ne, amma hanyar da suke fitar da tabon ita ce matsalar. Yadda suke narkar da ɗankon tawada, haka suke narkar da maiƙon nan da ke riƙe da katangar fata. Sakamakon shi ne bushewa, da ƙaiƙayi, da tsagewa, musamman a lokacin hunturu da fata ke fama da kaushi dama. Duk wanda ya dubi tafin hannun tsohon makanike da kyau zai ga shaidar haka. Bayan wannan, fetur na ɗauke da sinadarin benzin, wanda hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta sa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar jini. Ga kuma haɗarin gobara idan akwai murhu ko fitila a kusa. Yaron da aka jiƙa wa hannu da kananzir kuwa yana iya kai shi baki ko ido.

Ruwan bilic ya fi su muni, domin sinadari ne mai cin nama, yana iya ƙona fata, kuma idan aka haɗa shi da wasu magungunan wanke ban-ɗaki yakan saki iskar kulorin mai shaƙe numfashi. Haka nan dirzar fata da dutsen goge kaushi ko soson ƙarfe, ko kankare ta da reza, buɗe ƙofa ne ga ƙwayoyin cuta. Tabon tawada na kwana uku ne; tabon ƙuna ko na gyambo yana iya zama na har abada.

Akwai kuma alamun da bai kamata a yi ƙoƙarin gogewa ba sam. Ma'aikatan rigakafin shan-inna kan sa wa yaro alama a ƙaramin yatsan hagu domin a gane wanda aka ɗiga wa magani da wanda aka tsallake. Irin wannan bin diddigi na cikin abubuwan da suka taimaka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar, a watan Agustan 2020, cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Tawadar zaɓe da ƙasashe da dama ke amfani da ita tana ɗauke da sinadarin azurfa da ke haɗuwa da fatar kanta, ya yi baƙi idan haske ya taɓa shi. Misalinta kamar lalle ne, wanda launinsa ke ƙulluwa da naman saman fata da na farce. Babu man da ke fitar da irin wannan, sai fatar ta sauya, ko farcen ya tsiro, shi kuwa kimanin milimita 3 yake yi a wata.

Abin da ake bukata ba mai tsada ba ne. Iyaye su ajiye maka inda ƙananan yara ba za su kai ba. Malaman kimiyya a firamare da sakandare su mayar da wannan darasi na aji: a yi zane a kan leda, a gwada ruwa, a gwada mai, a gwada sipirit, yara su ga bambanci da idonsu, su kai labari gida. Malaman lafiya kuma su riƙa tunatar da iyaye mata a ranakun awo cewa kananzir na fitila ne, bilic na tufafi ne. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a wannan batu rigakafin bai wuce cokali ɗaya na man gyaɗa da ɗan haƙuri ba.