Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, akwai wata sana'a da ake yi a kanmu, ana cin abinci da ita, amma ba a taɓa kiranmu mu koya ba. Ita ce sana'ar binciken zaman jama'a. Mai yin ta shi ne mutumin nan da kan zo tasha ko zango ko bakin kasuwa da takarda, ko kuwa da waya yanzu, ya tare samarinmu yana tambaya: daga ina ka fito, ina za ka, me ya raba ka da gida, kai wane iri ne? Mu kan amsa don ladabi, shi kuwa ya tattara ya tafi. To, ina amsoshin nan suke zuwa, kuma wa suke ciyarwa?

Abin ba yau ya fara ba. A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna a Giwa ta ƙasar Zazzau da wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta rubuta labarin rayuwarta kaf. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a Landan a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. A ranin 1952 zuwa 1953 aka zuba masu ƙidaya a hanyoyin Lardin Sakkwato suna ƙirga 'yan cin rani, wani Bature mai suna Prothero ya yi nazarin lissafin. A 1962 da 1963 Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan, ya gano yadda fataken goro da na shanu suka riƙe cinikinsu: maigida ya sauki baƙo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi, duk bisa amana ba takarda. Ya buga littafinsa a 1969, ya zama farfesa a Landan. Polly Hill kuma ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, nata littafin ya fito a 1972.

Ba mu zargin waɗannan mutane. Sun sha rana, sun yi aikinsu da kyau, kuma ba don su ba da abubuwa da yawa sun bi tsofaffinmu kabari. Amma ku duba rabon. Ilimin daga bakin iyayenmu ya fito, muƙami da albashi kuwa suka tsaya can ƙetare. Dillalai nawa ne a Sabo aka taɓa karanta musu abin da aka rubuta a kansu? Laifin wannan yana wuyan masu mulkinmu, waɗanda tun 1960 suke da ikon gyara rabon, suka ƙi.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai takarda ce kawai. Kaito! Ku tambayi direbobin Agadas. A 2015 gwamnatin Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, ƙasashen Turai suna matsa mata. A 2016 hukumar ƙaura ta duniya ta fara ƙirga masu wucewa ta Arlit da Segedin, a shekarar kuma aka shiga kama direbobi ana ƙwace motoci. Masu masauki da masu sayar da jarka da masu abinci duk kasuwarsu ta faɗi, matafiya kuma suka koma bin ɓarauniyar hanya inda babu rijiya. Sai a Nuwamba 2023 aka soke dokar. An ƙirga kawunan masu tafiya daidai wa daida, amma cikin masu yanke hukunci ba a sami wanda ya ƙirga bakunan da hanyar take ciyarwa ba.

Ku tuna kuma da 1969, da gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Cikin waɗanda suka ɗaure kaya akwai samarin da aka haifa a zangon Kumasi, ba su taɓa ganin Kano ba. A 1983 Nijeriya ta yi wa mutanen Gana irin wannan. Har gobe yaron da aka haifa a Sabon Ibadan ko a Jos, in ya je neman makaranta ko aiki, sai a ce ya kawo takardar shaidar asali, garin da aka haife shi ya ce baƙo ne, garin kakansa ya ce bai san shi ba. A 2020 kuma, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka loda almajirai a motoci ana ta mai da su daga jiha zuwa jiha kamar buhunan gero. Duk waɗannan hukunci ne da aka yanke a kan tambayar nan guda: kai ɗan ina ne? Wanda ya rubuta amsar a takarda, shi ke riƙe da wuyan yaron.

Yanzu ku dubi yadda sana'ar take a tsaye. A ƙasa akwai mai tambaya, wanda ke yawo gida gida cikin rana. Shi kan zama ɗanmu ne, domin shi ke jin harshen, shi ake yarda da shi a zaure. A ɗauke shi mako biyu ko uku, a biya shi kuɗin yini, a sallame shi. Sama da shi akwai shugaban ayari. Sama da wannan akwai mai nazarin lissafi a gaban kwamfuta. Can ƙoli kuma akwai mai rubuta rahoto, wanda sunansa ke kan bango, shi ake gayyata taro a otal. Gwargwadon nisanka da rana, gwargwadon kaurin albashinka. Ɗan talaka kuwa ya shekara goma a matakin farko, ba mai nuna masa na biyu.

Manya su kan ce mana wai wannan karatu ba ya kawo tuwo, gara yaro ya nemi likitanci ko injiniya, in bai samu ba ya koma rumfa. Ashe? In haka ne, su wa ke cike kujerun Hukumar Ƙidayar Jama'a, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da cibiyar binciken zaman jama'a da tattalin arziki ta Ibadan, da ofisoshin ƙungiyoyin agaji da ke Abuja da Maiduguri? Aljanu ne? Hanyar kuwa a fili take. Yaro ya ci darussa biyar a jarrabawar gama sakandare, har da Turanci da lissafi, ya ci ta shiga jami'a, ya yi shekara huɗu yana karatun zaman jama'a ko labarin ƙasa ko ƙididdiga. Ana koyar da irin waɗannan a Zariya da Kano da Sakkwato. A Yamai ma tun 2001 akwai cibiyar bincike da ake kira LASDEL, wadda 'yan Afirka suke aiki cikinta.

Kada kuma a ce namu ba za su iya ba. Mahdi Adamu, mutumin ƙasar Yawuri, ya bi sawun fatake da malaman Hausa a faɗin Afirka ta Yamma, ya buga littafinsa a Zariya a 1978, ya kai ga shugabancin Jami'ar Sakkwato. A Kano kuma wata Bajamushiya, Hannah Hoechner, da ta zo binciken makarantun allo, ta haɗa kai da almajirai suka shirya fim da hannunsu a kan rayuwarsu, sunansa Duniya Juyi Juyi. In yaron da ke bara da kwano ya iya tsara labarinsa a fim, me zai hana ɗan mai goro ya rubuta rahoto a kan kasuwar ubansa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Babban abin kunya kuwa shi ne ƙidaya. An ƙirga mutanen Nijeriya a 2006, aka ce mun kai miliyan 140. An shirya wata a 2023, aka ɗage ta. Jaririn da aka haifa a shekarar waccan ƙidaya ya isa jefa ƙuri'a tun 2024. Gwamnatin da ba ta san yawan samarinta ba, da wane ma'auni take raba aji da asibiti da aikin yi? Da son rai, ba wani abu ba.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na farko, duk rahoton da aka yi a kan wata unguwa ko kasuwa a juya shi da Hausa, a karanta shi a rediyo, a kuma kawo shi gaban waɗanda aka tambaya. Na biyu, a rubuta sunan masu tambaya da tafintoci a cikinsa, domin da sunan nan ne yaro zai nemi mataki na gaba. Na uku, hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi su ware gurabe na wannan fanni, a raba su ta jarrabawa a bainar jama'a, ba ta wasiƙar wani babba ba. Na huɗu, a yi ƙidaya ta gaskiya.

Ku kuma 'yan kasuwa, akwai naku aikin da ba sai kun jira kowa ba. In mai takarda ya zo rumfarku, ku ba shi wurin zama da ruwa, sa'an nan ku tambaye shi wa ya aiko shi, wa ya biya, ina za a kai amsar, yaushe zai komo ya faɗa muku abin da ya gano. Kuna da ikon ku ƙi amsawa, ƙa'idar aikinsu ma ta ce sai da yardarku. Kowace ƙungiyar masu goro ko masu hatsi ko direbobi tana da asusu. Ku zaɓi yaro ko yarinya guda mai kai, ku ɗauki nauyin karatunsa shekara huɗu, da sharaɗin binciken da zai yi na gama jami'a a kan kasuwarku zai yi shi, ya kuma karanta muku shi a taronku kafin ya kai wa malaminsa.