Masu Zane A Kaciya: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Duk wanda ya taso daga Kaduna ya ratsa ta Kaciya zuwa Zonkwa da Kafancan, idonsa ba zai huta da ganin aikin masu zane ba. Allon da ke bakin kanti, da rubutun bayan mota, da kalandar coci da ta makarantar Islamiyya, da fostar ɗan takara wadda rana ta koɗe a jikin bango, da takardar da ake mannawa a ledar garin citta, duka hannun wani ne ya fitar da su. A da fenti ne da buroshi. Yanzu kuwa da kwamfuta ake yi, wasu samarin ma da wayar hannu. Kayan aiki sun sake, amma halin da mai aikin yake ciki yana nan yadda yake, wato shi ke ɓata dare, wani ke kwasar riba.

A ɗauki citta, tun da kudancin Jihar Kaduna shi ne gidanta a ƙasar nan. Cutar da ta afka wa gonaki a daminar 2023, ta ruɓar da amfani a Kaciya da Jaba da Kagarko, ta nuna wa kowa hatsarin dogara ga sayar da ɗanyen kaya a buhu kawai. Wanda ya niƙa, ya ƙulla a leda mai ɗauke da sunansa, shi ke samun ƙari a kan guminsa, kuma ba zai iya yin haka ba sai da mai zane. To, a ce ɗan kasuwa ya zo wurin wani saurayi ya ce a fitar masa da tambari, aka yi ciniki da baki a kan naira 5,000. Bayan shekara biyu kaya suka karɓu, tambarin ya hau kwali da riga da allon talla, har ya kai Kano da Abuja. Ɗan kasuwa yana ganin ya saya ya biya. Saurayi yana ganin an ci da guminsa. Wane ne mai gaskiya a cikinsu?

Abin mamaki, doka ta fi karkata ga saurayin, shi ne dai bai sani ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali tun 1988. A ƙarƙashinta, haƙƙin zane yana hannun wanda ya zana tun daga ranar da ya gama, ko bai yi rajista a ko'ina ba, sai fa in an yi yarjejeniya a kan saɓanin haka. Haƙƙin yana nan muddin ransa, ya kuma zarce wa magadansa shekara 70 bayan rasuwarsa. Bugu da ƙari, sayar da haƙƙin ɗungurungum, ko ba wa mutum ɗaya tak izinin amfani da shi, ba ya tabbata sai a rubuce. Ashe ke nan ɗan kasuwan da ya biya da baki izinin amfani kurum ya samu. Takardar da yake gudu, shi ma ita ce garkuwarsa.

Amma fa akwai togaciya guda wadda ya kamata masu neman aikin hukuma su riƙe da kyau. Aikin da aka yi wa gwamnati ko wata ma'aikata tata, haƙƙinsa na gwamnati ne in ba a rubuta wani abu dabam ba. Saboda haka mai zanen da aka ba shi aikin tambarin wata hukuma, ya yi farashinsa da sanin cewa sayarwa ce ta har abada.

Me ke hana a rubuta? Kunya ce, ba wani abu ba. A gari irin Kaciya kowa ya san kowa. Mai ba da aikin ƙila kawu ne, ko dattijon coci, ko maigidan da ya saya wa yaron kwamfutar farko, sai ya zama ambaton takarda tamkar an ce ba a yarda da shi ba ne. Haƙiƙa wannan kunya tana da tushe mai kyau, sai dai ita ce kuma ke kashe zumuncin daga baya. Rigimar da takarda mai layi goma za ta hana, ita ce ke sa gida biyu su daina gaisawa. Ba a kuwa bukatar lauya ko dogon Turanci. A rubuta da Hausa ma ya wadatar: ga aikin da za a yi, ga kuɗinsa, ga ranar bayarwa, ga sau nawa za a yi gyara kafin a ƙara kuɗi, sa'an nan a faɗa a fili ko izinin amfani aka bayar ko kuwa haƙƙin ne aka sayar baki ɗaya. Wannan na ƙarshe shi ne gishirin takardar, domin kuɗin biyun bai kamata ya zo ɗaya ba. Kowa ya sa hannu, a sami shaida. In ma hakan ta faskara, saƙon da aka yi ta waya a ajiye shi, ya fi a ce an ce.

Sai maganar kafin alƙalami. Tela ba ya yanka yadi sai ya ga wani abu a hannu, magini ba ya ɗora bulo a kan alkawari, to don me mai zane zai zama shi kaɗai ne ake ce wa ya fara tukuna a gani? Wannan ciwo ya fi tsanani a lokacin zaɓe. Ɗan takara ya ba da aikin fosta da alkawarin biya in an ci, in ya faɗi ya ce ba shi da ko kwabo, in ya ci kuma ganinsa ya yi wuya. Ga zaɓen 2027 yana ƙaratowa. Duk mai zanen da ya miƙa cikakken aiki kafin ya karɓi aƙalla rabin kuɗinsa, ko ya ci wa maɗaba'a bashi da sunansa saboda wani, kada ya zargi kowa sai kansa.

Tambari kuwa yana da wata doka tasa dabam. Ɗan kasuwan da ke son kada wani ya manna irin alamarsa a kan nasa garin citta, sai ya yi mata rajista a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Rajistar farko shekara 7 take yi, a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Haka nan zanen da aka yi musamman don a buga shi a jikin kayan masana'anta, kamar atamfar anko, dokar 1970 ce ta zane-zanen masana'antu ke kare shi, ita kuwa sai an yi rajista, kuma tun kafin zanen ya bazu a gari.

Wanda yake aiki da wani suna ba nasa na yanka ba, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta masa rajistar sunan a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Da wannan takarda ake buɗe asusun banki na sana'a, a raba kuɗin aiki da kuɗin cefane. Rasit da ɗan littafin shiga da fita su ne za su yi masa magana ranar da jami'in haraji na jiha ya zo.

Ba a ce masu zanen su ma ba su da laifi ba. Da yawansu hoton da suka tsinta a intanet suke ɗauka, su canza masa launi, su sayar a matsayin nasu. Dokar da ke kare su ita ce ke kare wancan mai hoton, ko yana Legas ko yana Indiya, kuma ranar da asiri ya tonu, ɗan kasuwan da ya riga ya buga leda dubbai shi zai fara tafka hasara.

Yankin nan bai kamata a koya masa darajar aikin hannu ba. A ƙauyen Nok na ƙasar Jaba, ba nisa da Kaciya, masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, aikin da ya haura shekara 2,000, wanda irinsa ya shiga manyan gidajen tarihi na Turai, alhali ba wanda ya san sunan ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka gina su. Taiwo Akinkunmi, ɗalibin da ya zana tutar Nijeriya, fam 100 aka ba shi, aka kuma cire jar ranar da ya sa a tsakiya, sa'an nan ya jira har 2014 kafin a ba shi lambar girma ta ƙasa. Ya rasu a 2023.

Ƙarar satar zane Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke jin ta, saurayin da ke Kaciya kuwa kuɗin mota zuwa Kaduna da na lauya sun fi ƙarfin aikin da yake kuka a kai. Don haka magani yana gida. Sabuwar jami'ar tarayya da aka kafa a Kaciya a 2025, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafancan, da Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, ya dace su shirya wa masu sana'a gajeren horo a kan yarjejeniya da farashi, su gayyato Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ta yi bayani da Hausa. Su kuma masu zanen Kaciya da Zonkwa da Kwoi da Kafancan su haɗa kai su fitar da takardar yarjejeniya guda mai shafi ɗaya, wadda kowa zai riƙa miƙawa. In ta zama ƙa'idar ƙungiya, yaro zai iya ajiye ta gaban kawunsa ya ce ba shi ya ƙirƙiro ba.