Ba Tsoro Ne Ya Hana Eisenhower Kutsawa Berlin Ba

Har gobe akwai masu sharhi kan Yaƙin Duniya na Biyu da ke cewa da an bi shawarar Montgomery, da an gama da Hitler kafin ƙarshen 1944. A wajensu kwamandan na Birtaniya shi ne namijin duniya, Eisenhower na Amurka kuwa ɗan lallashi ne mai gudun ɓacin ran abokan tafiya. Wannan zance ba shi da tushe, kuma wasiƙun da mutanen biyu suka yi wa juna sun isa shaida.

Ranar 4 ga Satumba 1944 Montgomery ya aika wa shugabansa Eisenhower saƙo yana neman a tattara masa mai da kayan yaƙi, ya kutsa ta arewa har Berlin. Eisenhower ya amsa cewa babu isasshen guzurin wannan tafiya sai an buɗe tashoshin jiragen ruwa irin su Antwerp. Gaskiya ya faɗa. A lokacin manyan motoci ne ke jigilar mai dare da rana daga gaɓar Normandy, ɗaruruwan kilomita a baya, suna ƙone wani kaso a hanya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A wannan rana ta 4 ga wata sojojin Montgomery suka kama Antwerp, tasharta lafiya ƙalau. Amma bakin kogin Scheldt, mashigar jirage zuwa tashar, yana hannun Jamusawa. Maimakon Montgomery ya kore su tun ba su kafu ba, sai ya karkata zuwa Arnhem ta ƙasar Holan ranar 17 ga Satumba. Dakarun laima kimanin 10,000 aka sauke a can, waɗanda suka tsallako kogin Rhine suka dawo ba su kai 2,500 ba. Daga baya sojojin Kanada da abokansu suka share Scheldt da jininsu, kuma jiragen kaya ba su shiga Antwerp ba sai 28 ga Nuwamba.

Idan Eisenhower yana da laifi, to sassauci ne: ya amince da harin Arnhem, bai tsawata wa Montgomery a rubuce kan batun Antwerp ba sai a Oktoba. Shi kansa Montgomery ya amsa a littafin tarihin rayuwarsa na 1958 cewa ya raina wahalar buɗe hanyar Antwerp.

Mu daina auna janar da zafin alƙalaminsa. Duk kwamandan da ya yi alkawarin nasara cikin sauri, a fara tambayarsa ta inda mai, harsashi da abincin yaransa za su biyo, domin 'ya'yan mutane ne ke biyan kuskurensa da rayukansu.