A Bar Kyanwa Ta Kwana a Ɗakin Littattafanmu

Waɗanda suka halarci taronmu na ƙarshe sun ga abin da muka zube a kan tabarma: kwali biyu na littattafai daga ɗakin karatun ƙungiya, ɓeraye sun mayar da su tamkar dusa. A ciki akwai littattafan lissafi da iyaye suka haɗa kuɗi aka sayo wa 'yan sakandare, akwai kuma Risala rubutun hannu da wani dattijo ya ba mu ajiya, sun ci gafakar sun shiga cikin takardun. Na lissafi ana iya sayen wani a Kontagora. Waccan Risalar babu kasuwar da za a same ta.

Da aka kawo shawarar a ajiye kyanwa, wasu sun yi dariya, wasu kuma suka ce ba ya dacewa dabba ta kwana inda littattafan addini suke. Mu a kwamitin gudanarwa muna goyon bayan shawarar, kuma muna so a ji dalilinmu kafin a kaɗa ƙuri'a.

Sahon Rami garin noma ne. Da zarar an shigo da masara da dawa da wake, ɓera ya samu gida, kuma ɗakinmu bango ɗaya ya raba shi da shagon hatsi. Haƙoran ɓera na gaba ba sa daina tsiro, dole ya yi ta gurgura, ga takarda da yake yagewa ya yi sheƙa. Mun gwada shinkafar ɓera sau biyu. Abin da muka samu shi ne mushe a cikin silin da warin da ya hana yara zama mako guda, sannan kajin maƙwabta suka tsinci ragowar. Kada kuma a manta zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa. Yaranmu a ƙasa suke zama suna buɗe waɗannan littattafai.

Batun tsarki kuwa, malamanmu sun riga sun warware shi. A Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai hadisin Abu Ƙatada da ke nuna kyanwa ba najasa ba ce, har ana alwala da ragowar ruwan da ta sha. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma, da laƙabin 'yar kyanwarsa duniya ta san shi, Abu Huraira. To ina aka samo cewa baƙar mage mayya ce, har yaranmu ke bin ta da jifa? Ba dai a littattafan da muke neman karewa ba.

Kuma ba mu muka fara ba. Sarkin Masar Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya bar waƙafin lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyi. A Rasha, sarauniya Elizabet ta ba da umarni a 1745 a kawo kyanwoyi daga Kazan saboda ɓerayen fada, kuma har yau gidan tarihi na Hermitage yana riƙe da gommansu a ɗakunan ƙasa, da ma'aikata masu kula da su.

Sai dai masu adawa suna da gaskiya a wuri ɗaya. Kyanwa ma tana ɓarna. Akwai wani littafin hannu da aka rubuta a Deventer ta ƙasar Holan wajen 1420, inda marubucin ya bar gurbi a shafi, ya rubuta tsinuwa ga kyanwar da ta yi masa fitsari a kai da dare, ya kuma gargaɗi mutane kada su bar littafi a buɗe. Wannan gargaɗin mun karɓa. Littattafan addini da na hannu za su koma cikin kabad mai murfi, kyanwa ta yi sintiri a waje. Ba ta maganin gara, ba ta toshe yoyon kwano, waɗannan aikinmu ne kafin damina. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu ne muke barin ɓawon gyaɗa da ragowar ƙosai a bayan benci.

Abin da muke nema kaɗan ne. Mutum ɗaya da zai ɗauki nauyin ruwa da ɗan abinci kullum, don yunwa kan sa ta koma gidan da ake soya kifi, amma kada a cika ta har ta zama kyanwar Lami. A kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata allurar rigakafin ciwon hauka. A daina zuba guba a ɗakin gaba ɗaya, domin kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya tafiya.

Za a kaɗa ƙuri'a a taron Asabar bayan la'asar. Duk wanda magensa ta haihu kuma 'ya'yan sun isa yaye, ya sanar da sakatare kafin ranar.

Sakataren Ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa