Tabon da Yaro Ba Ya Jin An Taɓa

Malamin da ke duba farce da kawunan ɗalibai da safe ya san makero, ya san ƙyasbi. Akwai wani tabo kuma da muke wucewa saboda yaro ba ya kuka da shi: fata ta ɗan koɗe ko ta yi ja-ja, babu ƙaiƙayi, babu ciwo, gumi ma ba ya tsatsowa a wurin. Sau da yawa haka kuturta take farawa. A ganina ya kamata kowane malami da kowace uwa a Bengou su iya gwada irin wannan tabo, tunda ɗan auduga kawai ake bukata.

A murza audugar ta yi tsini. A fara taɓa lafiyayyar fata yaron yana kallo, a ce ya nuna wurin da yatsa. In ya gane wasan, sai ya rufe ido, a riƙa taɓawa nan da can, har tsakiyar tabon. Taɓawa ake yi, ban da shafawa. Mai ƙyasbi ko makero zai ji. Wanda ya ji ko'ina amma ya yi shiru a kan tabon, a kai shi likita a makon nan.

Dalilin yana cikin jijiyoyi. Su ke ɗaukar labarin zafi, sanyi da taɓawa daga fata zuwa laka da ƙwaƙwalwa, kuma ƙwayar cutar, wadda likita Hansen ya gano a Norway a 1873, jijiyoyin da ke kusa da fata take kamawa. Akwai ta gwiwar hannu, wadda in ka buge sai ka ji kamar lantarki. Ita ke kula da ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi. Ta bayan idon sawu kuwa tafin ƙafa take ciyarwa. In ta mutu, yaro ya taka ƙaya a fadama bai sani ba, yarinya ta sauke tukunya mai zafi ba ta ji ba. Miki ya ruɓe, ya ci ƙashi, a hankali yatsu su gajarce. Kuturun da ke cikin karin maganarmu mutum ne da aka makara a kansa.

Na san abin da abokan aiki za su ce: aji ya cika, mu ba likitoci ba ne, kuma kalmar kaɗai tana iya hana 'yan gida guda aure. Maganar ƙarshen tana da nauyi. Shi ya sa ba a gwajin a gaban aji, kuma malami ba ya furta sunan cutar, hukunci na likita ne. A kira uba ko uwa gefe, a ce akwai tabon da ya kamata a duba a gidan likita na gari ko asibitin Gaya. Korar yaro daga makaranta kuwa ba ta da hujja, domin da ya fara shan magani ya daina yaɗa cutar, kuma yawancin mutane jikinsu ba ya kama ta ko sun zauna da mai ita.

Maganin kyauta ne tun 1995 ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, ana sha wata 6 ko 12. Yana kashe ƙwayar, amma jijiyar da ta daɗe da mutuwa ba kasafai take dawowa ba. Masu irin wannan lahani ne ke tafiya har Danja kusa da Maraɗi neman gyara. In an tabbatar da cutar ga yaro, a duba sauran 'yan gidan ma, don takan ɓuya shekara 5, wani lokaci har 20.