Wasan Jifan Faifai: Motsa Jikin Da Uwa Da 'Ya'yanta Za Su Yi Tare

   

A wannan watan zan ɗan kauce wa abin da muka saba tattaunawa, kuma da dalili. Kwanakin baya ciwon kai ya matsa mini har ya kai ni asibiti. Da aka auna ni, sai likita ta ce jinina ya fara hawa, ta tambaye ni, "Malama, kina motsa jiki kuwa?" Na ce ai wuni nake a tsaye, daga aji sai kicin. Ta yi murmushi ta ce gajiya daban, motsa jiki daban. Ta bayyana mini cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a kowane mako, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 a kullum.

Na dawo gida jikina a sanyaye. Ni dai ba zan iya fita gudu a titi ba, kuɗin gidan motsa jiki kuma ba ni da shi. Na dubi yarana, kowa ya duƙufa a kan waya, na ce ashe ba ni kaɗai ce ke buƙatar magani ba. Da na kai kukana ga ƙanwata da ke aure a Amurka, sai ta ba ni labarin wani wasa da suke yi ita da yaranta duk ranar Asabar a lambun shaƙatawa na unguwarsu, da hijabinta da komai. Ba a jima ba ta aiko mini da faya-fayan roba guda uku. Abin da na koya a kan wasan shi ne nake so mu raba da ke yau.

Mene ne wasan?

Turawa suna kiransa disk golf, wato golf na faifai. A golf da muke gani a talabijin, ƙwallo ake bugawa da sanda har ta faɗa rami. A nan kuwa ba sanda ba ƙwallo, faifan roba ake jefawa da hannu har ya faɗa cikin wani kwandon ƙarfe. Kwandon yana kan dogon ƙarfe, bakinsa kamar santimita 80 daga ƙasa, a samansa an rataye sarƙoƙi. Idan faifan ya bugi sarƙoƙin sai su kashe masa gudu ya zube cikin kwando.

Cikakken fili yana da kwanduna 18, ƙarami kuma 9. Kowane kwando yana da wurin da ake tsayawa a fara jifa, kuma tazarar yawanci tana tsakanin mita 60 zuwa 120, ga bishiyoyi ko tudu ko ruwa a tsakani. Duk jifa ɗaya maki ɗaya ne, amma saɓanin jarrabawa, mai ƙarancin maki shi ne gwani.

Daga ina ya samo asali?

Abin dariya, daga kayan kicin aka fara. A 1937 wani Ba'amurke mai suna Fred Morrison da matar da ya aura daga baya suna jefa wa juna murfin gwangwani, daga nan suka koma farantin gasa kek. Daga baya ya ƙera irinsa na roba, ya sayar wa kamfanin Wham-O a 1957, aka sa masa suna Frisbee. Matasa suka riƙa jifan bishiyoyi da turakun lantarki da shi suna ƙirga jifa.

Wanda ya mayar da abin wasa mai tsari shi ne Ed Headrick, tsohon ma'aikacin wannan kamfani. A 1975 ya tsara fili na farko a lambun Oak Grove da ke jihar Kalifoniya, a 1976 ya kafa ƙungiyar 'yan wasan da ake kira PDGA, a 1977 kuma ya samu rajistar kwandon nan mai sarƙoƙi. Zuwa 2024 filayen wasan sun haura 15,000 a duniya, fiye da rabinsu a Amurka, ƙasar Finland na biye mata, kuma mafi yawansu kyauta ake shiga. Jama'a sun ƙara rungumarsa a 2020 lokacin annobar korona, domin a sarari ake yinsa ba tare da cuɗanya ba.

Kada ki ce na maza ne. Paige Pierce ta Amurka ta zama zakarar duniya sau biyar tsakanin 2011 da 2019. Kristin Tattar ta ƙasar Istoniya, wadda uwa ce, ta lashe kambun a 2022 da 2023.

Faya-fayan iri uku ne

Na farko shi ne faifan kusa. Bakinsa mai kauri ne a dunƙule, ba ya gudu sosai, amma yana tafiya miƙe, da shi ake zurawa a kwando. Na biyu faifan tsakiya, wanda ya fi shi nisa kaɗan, kuma yana da sauƙin sarrafawa. Na uku faifan nesa, mai siririn baki mai faɗi, wanda ke tsaga iska. Da irinsa ne David Wiggins ya yi jifan mita 338 a 2016.

A nan ne sabon shiga ke yin kuskure na farko. Ido yana faɗawa kan faifan nesa, alhali shi sai hannu mai ƙarfi da ya ƙware. Idan bai samu gudun da yake so ba, sai ya kwanta gefe ya faɗi a gabanki. Ni ma da shi na fara, na sha dariyar yarana. Ki fara da na kusa ko na tsakiya, ɗaya ma ya ishe ki wata da watanni.

Faɗin faifai kamar santimita 21 ne, nauyinsa kuma doka ta hana ya wuce giram 200. Mace da yara sun fi jin daɗin mara nauyi, kamar giram 150 zuwa 165. A jikin mafi yawansu za ki ga lambobi huɗu. Ta farko gudu ce, ta biyu daɗewa a iska, ta uku karkatar da yake yi a farkon tafiya, ta huɗu kuma lanƙwasar da yake yi a ƙarshe. Ke dai ki duba ta farko, kada ta wuce 5, ta ƙarshe kuma ta kasance 0 ko 1.

Yadda ake jifa

Bari mu ɗauka ke ba bahaguwa ba ce. Ki ɗora babban yatsa a saman faifan, sauran huɗun ki lanƙwasa su a ƙarƙashin bakinsa, riƙo mai kyau amma ba na shaƙewa ba. Ki tsaya a kaikaice, kafaɗarki ta dama tana kallon inda za ki jefa. Ki miƙa hannun baya ta ɓangaren hagu, sannan ki jawo shi a miƙe ta gaban ƙirjinki, kamar mai jan igiyar janareta, ki sake shi da ɗan fizgar wuyan hannu. Kada ki tsayar da hannun nan take, ki bar shi ya ƙarasa zagayensa don kada kafaɗa ta yi ciwo.

Sirrin abu biyu ne. Na ɗaya, juyawa, domin juyawar da faifan ke yi ita ce ke hana shi tangaɗi, siffarsa kuma tana sa iska ta ɗauke shi kamar fiffike. Na biyu, ki sake shi a kwance kamar tire mai ɗauke da kofunan shayi. Idan kika ɗaga gabansa sama, zai cilla ya tsaya cak ya faɗo. Ki kuma sani, a irin wannan jifa faifai yana lanƙwasawa hagu idan gudunsa ya ƙare, don haka ki ɗan saita dama da abin da kike nufi. Bahaguwa sai ta juya lissafin. A farko ki yi jifa a tsaye wuri ɗaya, ba sai kin taho da gudu ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan kin zo dab da kwando, sai ki fuskance shi, ƙafa ɗaya a gaba, ki ɗauko faifan daga wajen cikinki ki tura shi gaba kamar mai miƙa wa wani faranti. Ki kafa ido a kan sarƙa guda, kada ki kalli kwandon gaba ɗaya.

Dokokin da suka wajaba ki sani

Inda faifai ya faɗi, daga bayan nan ake jifa na gaba. Wanda faifansa ya fi nisa da kwando shi ke fara jifa, sauran su tsaya a bayansa su yi shiru. A kwando na gaba, wanda ya fi ƙarancin jifa a na baya shi ne ke buɗewa. Idan faifai ya fita daga iyakar da aka shata, ko ya faɗa ruwan da aka hana, ana ƙara wa mai shi maki ɗaya. Idan tazararki da kwando ba ta wuce mita 10 ba, ba za ki taka gaban wurin da kike ba sai kin nuna kin tsaya daidai bayan jifan. Kowane kwando yana da adadin jifan da ake sa ran gwani zai yi, galibi uku.

Ga misali. A kwanduna uku kin yi jifa 4 da 3 da 5, jimla 12. 'Yarki ta yi 3 da 4 da 3, jimla 10. To ta cinye ki, sai ki yi mata barka.

Dokar da ta fi duka ita ce kada a jefa alhali akwai mutum a gaba. Faifan nesa yana iya fasa goshi ko ya taɓa ido.

Yadda muka yi a gidanmu

Ba sai kin mallaki kwandon ƙarfe ba, tunda masu wasan ma da bishiya suka fara. Mu kwandon wanki muka ɗora a kan turmi, muka kuma ɗaure ƙyalle biyu a jikin bishiyar darbejiya, duk faifan da ya bugi tsakaninsu ya shiga. Idan tsakar gidanki ba ta da faɗi, ki yi wasan zurawa kawai daga taku biyar zuwa goma. Ranar da babu makaranta kuwa, da izinin maigida da na hukumar makaranta, muna zuwa filin wata makaranta da ke kusa da mu tare da maƙwabtana biyu, mu sa alamu shida mu zagaya sau biyu.

Idan ba ki samu faifan asali ba, na roba da ake sayarwa cikin kayan wasan yara zai yi, ko murfin bokitin fenti na roba. Ban da murfin tukunya, ban da farantin tangaran ko na silba. Faifanmu na kaba kuwa a bar shi a kan ƙwarya, iska ce za ta tafi da shi. Lokacin da ya fi daɗi shi ne bayan la'asar, a riƙe ruwan sha, a tashi kafin magariba. Lokacin hunturu ki kula da iska, idan tana fuskantarki takan ɗaga faifan, idan ta biyo bayanki takan danne shi ƙasa. Ki sa takalmi mai rufi, ki kuma ɗaure hijabi ko mayafi yadda ba zai harɗe hannu ba. Mai juna biyu, da mai jego, da wadda aka yi wa aiki, da mai ciwon kafaɗa ko baya, su tuntuɓi likita tukuna.

Abin da na gani

Wasan bai zama madadin magani ba, har yanzu ina bin abin da likita ta ce, na rage gishiri, ina zuwa awo. Amma yanzu ina tafiyar kusan awa ɗaya ba tare da na lura ba, domin hankalina yana kan faifai, ga sunkuyawa ga miƙewa, barcina ma ya gyaru.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne na tarbiyya. A wasan nan ba alƙali a tsaye a kanki, kowa shi ke faɗin jifansa. Wata rana ɗana na biyu ya ce uku ya yi, alhali huɗu ne, ba wanda ya lura sai ni. Na yi shiru. Muna tafiya zuwa alama ta gaba sai ya ja hijabina ya ce, "Umma, huɗu ne." Na daɗe ina koyar da gaskiya da riƙon amana a aji, amma ranar na ga darasin ya zauna. Ga kuma jiran layi, da haƙuri idan an cinye mutum, da lissafi ga ƙanana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Uwargida, lafiyar nan amana ce a hannunmu, kuma idan uwa ta kwanta gida duka ya kwanta. Ki gwada ko da minti 20 ne a wannan makon, ke da yaranki, ki ajiye wayoyi a ɗaki. Idan maigida ya leƙo yana dariya, ki miƙa masa faifan, ki ce ya gwada zurawa daga taku goma.

Wadda ta gwada ta rubuto mana yadda ta kaya, musamman wanda ya cinye a gidan. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya shirya mana zuri'a, amin. Wassalamu alaikum.