Kwagh-hir: Yabo Ba Ya Cika Tukunya

A 2019 UNESCO ta sanya Kwagh-hir, wasan 'yar tsana na ƙabilar Tibi a Jihar Binuwai, cikin jerin al'adun gado na duniya. Sai dai galibin masassaƙa da 'yan wasan manoma ne: doya ke ciyar da su, wasa kuwa sai bayan girbi. Don haka rikicin da ke raba su da gonakinsu yana barazana ga fasahar kanta.

Mafita ita ce wasan ya riƙa kawo kuɗi. Makarantu su gayyace su da lada, hukumomin lafiya su ba su aikin wayar da kai, 'yan kasuwa su kai sassaƙe-sassaƙensu birane. In ba haka ba, da wuya 'ya'yansu su gaje su.